Blu-ray ɗin Mushoku Tensei: in ce a riƙo min ko in haƙura?

Mubarak:
Slm yan uwa. Shawara nake nema dan Allah. Yayana da ke karatu a Ingila zai shigo gida hutun ƙarshen shekara, ya ce in faɗi abu ɗaya da zai riƙo min tsaraba, ni kuma tun jiya zuciyata ta tsaya kan faifan Blu-ray na Mushoku Tensei, katun ɗin Japan ɗin nan (anime), zango na farko. Na kalle shi sau biyu a waya amma irin matsattsen nan da ake turawa, in dare ya yi a cikin fim ɗin ba ka ganin komai sai baƙi da dabbare-dabbare. Akwai wanda ya taɓa kallon na faifai a nan? Bambancin ya kai a kashe kuɗi, ko in ce ya sayo min takalmi kawai

Sadiq Kd:
Takalmi malam. Wa yake sayen faifai yanzu? Abin da ka riga ka kalla har sau biyu

Ummi:
Kafin a kai ga maganar faifai, wai wanne ne wannan ɗin? Ni sunayen nan duk rikita ni suke

Mubarak:
Anti Ummi na mutumin nan ne ɗan shekara 34 da bai taɓa aikin komai ba, ya kulle kansa a ɗaki shekara da shekaru tun bayan da aka wulaƙanta shi a makaranta, har iyayensa suka rasu bai fito jana'iza ba, yan uwansa suka fusata suka koro shi titi. A ranar ya ga babbar mota za ta bi ta kan wasu yan makaranta, ya yi tsalle ya cece su, shi ta buge shi. Sai ya buɗe ido yana jariri a wata duniya mai sihiri da takubba, sunansa Rudeus Greyrat, babansa Paul mamarsa Zenith, amma hankalinsa da duk abin da ya sani na nan daram. Mushoku ɗin ma ma'anarsa marar aikin yi, ɗan zaman kashe wando kenan

Baffa:
Mubarak ni ina da faifan anime guda shida a gida, ba wannan a ciki amma zan faɗa maka abin da na sani, sai ka auna da kanka.

Na farko dai nauyi. Faifan Blu-ray ɗaya yana ɗaukar giga 25, mai hawa biyu giga 50. Kai kuma wanda ka kalla an matse kashi guda ya koma abin da bai kai giga ɗaya ba ko kusa. Ina kake zaton sauran ya tafi? Shi ne duhun nan da kake gani yana fashewa. Kuma wannan fim ɗin musamman asara ce a kalle shi a matse, domin ƙarfinsa a zanen wuri yake. Ka lura a zango na farko ba su yi irin buɗewar da aka saba ba ta minti ɗaya da rabi da ake maimaitawa kullum, sai dai waƙa tana tashi ana nuna maka gonakin alkama na ƙauyen Buena, ko kasuwa, ko hamadar nahiyar aljanu, kowane kashi da nasa. Har yare suka ƙirƙira wa mutanen Roxy malamar Rudeus da mutanen daji, ana magana da shi a ciki. Kamfanin da ya zana shi, Studio Bind, White Fox da Egg Firm ne suka haɗa hannu suka kafa shi, kuma wannan ne babban aikinsu na farko, shi ya sa suka zuba duk abin da suke da shi.

Sannan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. A Japan ana sakin kashi ne duk sati, masu zane suna aiki cikin ƙurewar lokaci, wani sa'in fuska ta karkace ko hannu ya fi ɗan uwansa tsawo a haka za a watsa. In an zo buga faifai sai a koma a gyara. Haka kuma tun abin da ya faru ranar 16 ga Disamba 1997, da wani kashi na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi ya sa aka kwashi yara kusan 700 zuwa asibiti, gidajen talbijin ɗinsu suke rage hasken duk inda ake walƙiya da sauri. Shi ya sa wani lokaci ana tsaka da faɗa sai ka ga hoton ya dushe kamar an sa masa labule. A faifai galibi ana mayar da hasken yadda aka zana shi

Sadiq Kd:
Baffa duk na yarda amma a wace talbijin zai ga wannan bambancin? Kuma da wace wuta? Mu faɗa wa juna gaskiya

Baffa:
Wannan kuma tambaya ce mai kyau, shi zai amsa

Mubarak:
Akwai na'urar wasa PS4 ta ƙanina da talbijin inci 43 a falo, wuta kuma muna da sola tana ɗaukar su da rana

Baffa:
To PS4 tana karanta Blu-ray, sai dai karon farko sai ka jona ta da intanet sau ɗaya kafin ta buɗe. Amma ga inda ake yin kuka: faifan wasa ba shi da shinge, faifan fim yana da shi. An raba duniya uku. A ita ce Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ita ce Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C su Chana da Indiya da Rasha. In PS4 ɗinku ta Amurka ce ka sa mata faifan B zalla ba za ta karanta ba, kuma da yawan na hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu daga can aka kwaso su. Ka fara duba taku, sannan ka ce wa Yaya ya ɗauko maka hoton bayan kwalin kafin ya biya, harafin yana nan a ƙasa

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da maganar. Ni abin da ke damuna ba tsadar faifai ba ne, abin da ke cikin faifan ne. Duk irin waɗannan finafinan a kan abu ɗaya aka gina su, mutum ya mutu ransa ya sake dawowa a wani jiki. Wannan shi ne malamai ke kira tanasukhi kuma ba aƙidarmu ba ce, ta mabiya Buddha da Hindu ce, su Japanawa da ita suka tashi. Mu a wurinmu daga mutuwa sai barzahu sai tashin ƙiyama. Babba mai hankali zai kalla ya san tatsuniya ce, amma kun ji ya ce falo, kun ji ya ce ƙaninsa. Abin da ke waya na mutum ɗaya ne, abin da aka sa a falo na gida ne gaba ɗaya

Sadiq Kd:
Malam ai Gizo ma yana magana a tatsuniya kuma ba wanda ya tashi ya yarda gizo na magana

Malam Nura:
Gizo ba addinin kowa ba ne Sadiq. Wannan kuwa akwai miliyoyin mutane da suka yi imani da shi, bambancin kenan. Kuma kada ka ɗauka abin ya yi mana nisa, a garinmu har yanzu akwai tsofaffin da in mace tana haihuwa yaran na mutuwa za su ce ɗan wabi ne, wai shi ɗin ne dai yake tafiya yana dawowa. Malamai sun sha wahala kafin a rage wannan

Ummi:
Wlh kakata ta taɓa ba mu labarin wannan, har da sunayen da ake sa musu irin su Ajuji wai don kada su koma

Zainab A.:
Malam Nura ina ganin girmanka kuma ban ƙi maganarka ba, musamman ta yara. Amma bari in faɗi yadda ni abin ya zo min, don ni akasin haka ya yi min.

Ni ban ga fim ɗin yana koyar da tanasukhi ba, ba ya ma tsayawa ya yi bayaninsa, ƙofa ce kawai da marubucin ya bi ya shiga labarinsa. Asalin abin da ke ciki nadama ce. Mutum ne da ya ɓata rayuwarsa da hannunsa, a daidai lokacin da ransa ke fita yake cewa ina ma a sake ba ni dama. Da na kalli kashin farko abin da ya faɗo min a rai ayoyin nan ne na ƙarshe-ƙarshen Suratul Mu'uminun, ta 99 da ta 100, inda mutum in mutuwa ta zo masa yake roƙon Ubangiji ya mayar da shi ko ya aikata na gari cikin abin da ya bari, aka ce a'a. Su sun ɗauki wannan roƙon sun yi masa fim kamar an amsa. Ni da na san ba a amsawa sai jikina ya yi sanyi. A lokacin na yi wata bakwai da gama hidimar ƙasa ina zaune a gida, na daina ɗaga wayar ƙawaye saboda kowa tambayarsa ɗaya ce, ya ake ciki. Kashi na biyu inda Roxy ta ɗora shi a doki ta fitar da shi ƙofar gida, shi da ko a sabuwar rayuwar tsoron fita yake saboda abin da aka yi masa a ta farko, sai da na tsayar na yi kuka. Satin nan na koma wurin ɗinkin da na bari.

Kuma fa ba ƙirƙira suka yi ba. Suna da mutane irinsa da suke kira hikikomori, gwamnatinsu da kanta a 2023 ta ƙiyasta sun kai miliyan 1.46. Mu namu marasa aikin suna majalisa ko teburin mai shayi, ko ba komai ana ganinsu ana gaisawa, nasu kuwa ƙofa suke rufewa sai dai a ajiye musu abinci a bakinta

Malam Nura:
Allah ya sa wa sana'ar albarka Malama Zainab. Kin kalla da ilimin da kike da shi ne shi ya sa kika fito da wannan. Ɗan shekara goma sha biyu ba zai tuna da Mu'uminun ba

Zainab A.:
Amin Malam. A nan kam muna tare ɗari bisa ɗari, kuma ni dalilina ma ya fi naka ƙarfi. Wannan fim ɗin ba na yara ba ne ko da babu maganar sake haihuwa. Rudeus ya taho da ƙazantar zuciyarsa daga rayuwar farko, yadda yake kallon mata da abubuwan da yake yi musamman a kashin farko-farko akwai wuraren da ni wucewa nake. Ka tuna a ciki ɗan shekara talatin da wani abu ne, su kuma yara ne. Ban yarda da masu cewa ai wasa ne ba. Har a Chana manhajar Bilibili ta cire shi a Fabrairun 2021 bayan an yi ta ƙorafi

Habu Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ni da rubutun Faransanci nike kallo nai. Zainab ta yi gaskiya, amma ni abin da ya riƙe ni shi ne ba su wanke shi ba, ba su ce don ya mutu ya zama mutumin kirki ba. A hankali yake gyaruwa kuma yana komawa baya. Ku tuna haɗuwarshi da babanshi a birnin Millishion kashi na 16 da 17, bayan bala'in nan na kashi na 8 da ya watsa mutanen yankinsu Fittoa ko'ina a duniya. Yaro ya taho yana ba da labarin tafiya kamar yawon buɗe ido, uba kuma ya zama mashayi saboda neman matanshi da bai gani ba, suka yi dambe gaban ƙanwarshi Norn. Washegari suka kasa kallon idon juna. Wanda duk ya taɓa saɓawa da mahaifinshi ya san wannan shirun

Mubarak:
Habu kashi na 17 ɗin nan shi ne dalilin da ya sa nake son faifan wlh

Sadiq Kd:
To ai kun dawo kan maganata. In labarin ne ya kama ku, labarin yana nan a manhaja, ka biya kuɗin wata ka kalla da hoto mai kyau, kuɗin faifai ɗaya zai biya maka watanni. Kuma ka samu zango na biyu da ɗaruruwan wasu. Faifai fa abu ɗaya ne zai zauna a kanta yana shan ƙura

Baffa:
Sadiq a nan ne ni da kai muka rabu. Abin da ke manhaja ba naka ba ne, haya kake. Ranar da lasisi ya ƙare ko kamfani ya canza shawara shikenan. Ga misali a kan wannan fim ɗin ma. Manhajar Funimation ce ta fara kawo shi ƙasashen waje a 2021. A shekarar Sony ta kammala sayen manhajar Crunchyroll kan dala biliyan 1.175, aka haɗe su, ranar 2 ga Afrilu 2024 aka rufe manhajar Funimation gaba ɗaya. A da in ka sayi faifansu akwai lamba a cikin kwali da za ka shigar ka samu kwafin fim ɗin a asusunka na intanet. Da aka rufe sai aka sanar cewa waɗannan kwafin ba za su bi mutane zuwa sabuwar manhajar ba. Wanda faifansa ke kan kanta yana shan ƙurar nan da kake faɗa, shi bai rasa komai ba.

Mu da muka girma a Kano ai mun ga irinsa da idonmu. Ina finafinan Hausa na zamanin kaset? Lokacin da Ƙofar Wambai ke cike da dilolin fim kowa na ganin abin ba zai ƙare ba. Aka koma sidi, daga nan aka koma shagunan tura fim a waya, yau ka nemi wani fim ɗin da ka so kana yaro sai dai ka samu guntu a YouTube hoto duk ya wanke, wani ma babu shi sam sai in ka dace da wanda ya adana kaset ɗinsa. Ni abin da na ƙaunata ina so in riƙe shi a hannu

Ummi:
Wannan gaskiya ne, akwai wanda na yi shekara uku ina nema na mamata, har yau shiru

Sadiq Kd:
Na ji wannan. Amma kaset ma ai lalacewa yake, sidi kuma ya karce

Baffa:
Yana karcewa in an bar wa yara. Blu-ray ya fi sidi jure karce, bayansa akwai rufi mai tauri. Nawa na farko ya haura shekara bakwai ba abin da ya same shi

Habu Damagaram:
Baffa wai gaskiya ne akwai kashin da ba a nuna a talbijin ba?

Baffa:
Gaskiya ne. Zango na farko kashi 23 ne, 11 daga Janairun 2021 sai 12 daga Oktoba. A Japan faifai huɗu aka raba shi, na huɗun da ya fito a Maris 2022 aka sa masa ƙarin kashi na Eris abokiyar tafiyar Rudeus, ranar da ta fita farautar dodannin goblin ita kaɗai a Millishion daidai lokacin da Rudeus ke rigima da babansa. A nan ta haɗu da wani yaro mai sihiri, Cliff. Shi ya sa wanda bai gan shi ba in ya zo zango na biyu a jami'ar sihiri ta Ranoa zai ga Cliff na ta maganar Eris ya rasa ina suka san juna. Dabararsu kenan ta sa mutane su sayi faifai, domin can faifan anime tsada gare shi sosai kuma masoya na gaske ake bugawa don su, kuɗin kuma yana komawa ga gamayyar kamfanonin da suka zuba jari

Sadiq Kd:
Amma an saka wannan kashin a manhaja daga baya, na gan shi

Baffa:
An saka, ban musa ba. Mubarak dai ya sa Yaya ya duba, bugun ƙasashen waje kashi biyu ake raba zangon, kada ya riƙo rabi yana zaton duka ne

Zainab A.:
Tunda an taɓo zango na biyu, ni fa har yanzu ban huce da yadda aka shigo da Roxy gidan Sylphie matar Rudeus ba. Turawa suna ta faɗa a intanet wai mata biyu, ni ba nan matsalata take ba, mu ai mun san gidan mata biyu, Paul ma Zenith da Lilia gare shi, har yar Lilia sunanta Aisha. Matsalata Rudeus ya bar mace da ciki a gida ya yi mata alkawari, ya dawo da magana bayan aikin gama ya gama. Norn ce kaɗai ta faɗa masa gaskiya a ɗakin nan

Mubarak:
Anti Zainab dan Allah a tsaya nan, Anti Ummi ba ta kalla ba

Zainab A.:
Afuwan Ummi na manta

Ummi:
Ba komai, inaga ma littafin zan nema in akwai

Habu Damagaram:
Akwai, juzu'i 26 ne ya ƙare a 2022. Marubucin Rifujin na Magonote a shafin intanet ya fara sakin shi kyauta tun 2012 kafin kamfani ya buga, kamar dai yadda marubutanmu mata ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp. Sai dai ki sani littafin ya fi fim ɗin fitar da abin da ke zuciyar Rudeus, mai kyau da marar kyau

Malam Nura:
Mubarak ni dai ga abin da zan roƙe ka. In ka saya kada ya zauna a falo cikin faifan wasan ƙaninka. Ka sa a akwatinka, ka kalla lokacin da suke makaranta. Kuma in wata rana ya gani ya tambaye ka, ka zaunar da shi ka faɗa masa abin da muka yi imani da shi game da mutuwa, kada ka ce masa katun ne kawai

Mubarak:
In sha Allah Malam, na ɗauka. Ngd kowa da kowa. Yanzu na juya bayan PS4 ɗin na ga lambar jikinta amma ban gane ko ta ina ce ba, Baffa in turo maka hoton ta akwatin saƙo?

Baffa:
Turo. Lambar da ta fara da CUH nake so, ka ɗauka da haske sosai don ƙanana ne rubutun

Sadiq Kd:
In ya iso a sanar da mu, zan shigo Kano ƙarshen Disamba, ina so in ga kashi na 8 ɗin nan a inci 43 da idona kafin in yarda

Mubarak:
Sai ka zo da rana kafin batirin sola ya sauka